Wuraren da Ya Kamata Gatari Ya Tsallake



A ƙarshen shekarar 2020 labarai biyu suka fito game da dazuzzukan yankinmu na kudancin Katsina. Na farko babu wanda bai ji shi ba: daren 11 ga Disamba 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako su. Na biyu kuwa ko a Faskari da Sabuwa ba kowa ya ji ba: Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗaga wurare goma zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, kuma dajin Kogo na cikinsu, tare da Falgore ta Kano da fadamun Haɗeja na Jigawa. Labari ɗaya ya nuna daji a matsayin maɓoyar miyagu, ɗayan ya nuna shi a matsayin dukiyar da ta cancanci tsaro. Dukansu gaskiya ne. Na farkon an yi rubutu a kansa har alƙalami ya gaji, shi ya sa yau muke so mu tsaya a kan na biyun.

Mu da muka yi ƙuruciya tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kafin al'amura su dagule, wataƙila mu ne rukunin ƙarshe da suka shiga daji babu fargaba. Mun san lokacin kowane ɗan itace kamar yadda muka san lokacin hutun makaranta. Da bazara ɗorawa, farkon damina kaɗanya ta fara zuba, da kaka ɗinya ta yi baƙi, da hunturu kuma a koma kan kanya da taura da tsamiya. Kusan kowane gari yana da gurbin ruwa a cikin rafi, irin wanda ba ya ƙafewa ko rani ya kai inda ya kai. A nan yawancinmu muka koyi iyo, daga nan kuma muke komawa gida da jajayen idanu da farar fata, iyaye su gane inda muka yini tun ba mu buɗe baki ba. Akwai falalen dutsen da mata ke shanya a kai, akwai tsaunin da samari ke hawa ranar yawon Sallah su hango garuruwa uku ko huɗu. Akwai farautar rani da karnuka da gora, akwai mashayar da Fulani ke saukowa da shanu da hantsi.

Ƙannenmu da suka taso bayan haka ba su san wannan ba. Ku lura da abin da ya sami kalmar kanta. A da in an ce wane ya tafi daji, ana nufin ya tafi gona mai nisa, ko itace, ko kiwo. Yau in aka ce an shiga da wane daji, sai a yi salati. "Mutanen daji" da "ɓarayin daji" sun zama sunan masu kashe mu. Yaron da ya girma da wannan ma'anar kaɗai, ranar da aka ce masa za a share dajin nan ƙaf a sayar, me zai sa ya ce a dakata? Murna ma zai yi.

Kada mu yaudari kanmu, dajin nan kasuwa ne tun kafin a haife mu. Icen da ake girki da shi a Funtuwa da Malumfashi da birnin Katsina ba daga sama yake faɗowa ba. Mai gidan burodi yana jiran motar itace, mai tsire da mai shayi suna jiran gawayi, maƙeri yana neman gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, kafinta yana neman katakon maɗaci da kawo, mai sassaƙa yana neman icen turmi da ƙota. Tsakanin mai sara da mai saye akwai mai ƙona gawayi, da ɗan dako, da direba, da matar da ke kasa itace a ƙofar gida tana ciyar da marayu. A ƙarshen watan Agusta na 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro, kowa ya ga yadda tukunyar birni ta rataya a wuyan dajin ƙauye. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi da murhu.

Don haka duk wanda ya ce a daina sare itace gaba ɗaya, bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma maganarsa ba za ta wuce bakinsa ba. Abin da muke cewa ya fi wannan sauƙi: daji ba duka ɗaya ba ne. Akwai inda in an sare zai dawo, akwai inda in an sare shi ke nan. Na biyun ne ya kamata gatari ya tsallake.

Dubi marke ko doka a tsakiyar daji. In aka sare su aka bar kututture, aka kare wurin daga gobara da yawan kiwo na wasu shekaru, sukan sake tohowa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun tabbatar wa duniya haka. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar ba tare da dashe ba. To amma kurmin bakin rafi daban ne. Saiwoyin itatuwan nan su ke riƙe da gaɓar rafi, inuwarsu ke rage ƙafewar ruwa, ganyen da suke zubarwa ke sa ƙasa ta sha ruwan sama maimakon ya kwarara. Ranar da aka kwashe su, damina biyu ko uku sun isa gaɓa ta zube, yashi ya cike gurbin da muke iyo, idon ruwa ya toshe. Kututture yana toho, amma gurbin da yashi ya binne ba ya dawowa a rayuwar wanda ya sare. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a ƙauyen da aka yi ta. Kogin Sakkwato daga wajejen Funtuwa ya samo asali, kuma yashin da ya taso daga gaɓar da ta zube a ƙarshe cikin madatsun ruwa irin na Mairuwa yake kwantawa.

Haka ma itatuwan da ake ci. Kaɗanya takan haura shekara goma kafin ta fara 'ya'ya, sannan ta yi ta bayarwa har jikokin wanda ya gan ta tana ƙarama. Man kaɗe da daddawa jarin mata ne na kowace shekara. Mai gawayi kuwa in ya jibge ta ya rufe da ƙasa ya cinna wuta, abin da zai kwasa bai fi kashi ɗaya cikin biyar na nauyin icen ba, sauran ya tafi a hayaƙi. Kuɗin buhunan zai ƙare cikin mako, matan garin kuma sun yi asarar abin shekara da shekaru. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Idan muka lissafa, wuraren da muke roƙo a keɓe ba su da yawa: gaɓar rafuka da bakin idon ruwa, gurabun da ba sa ƙafewa, kewayen duwatsu da tsaunukan da ake hawa, kufan tsofaffin garuruwa da maƙabartunsu, mashayar dabbobi da burtalin da ke kaiwa gare ta, sai manyan itatuwan da ake ci duk inda suke. In aka haɗa su duka, ɗan yanki ne cikin faɗin daji. Mai itace ba zai rasa abin sara ba.

Wani zai ce wannan tunanin Turawa ne. Ba haka ba ne, muna da sunansa a harshenmu: hurumi. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da huruminsa, filin da ba na kowa ba kuma na kowa, wanda ba a nomawa ba a sayarwa. Asalinsa a shari'a yake. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawakin Musulmi, ya kuma haramta sare itatuwan Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hurumin rijiya da na kogi da na gari. A nan ƙasarmu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin filaye, Ta'alimur Radi, inda ya yi maganar waɗannan keɓaɓɓun wurare. Kakanninmu ba su jira takardar kowa ba kafin su san cewa ba a sare ɗorawar da gari ke ci, ba a kuma yin gona a kan burtali.

Abin da ya shiga tsakanin mutane da wannan tunani shi ne yadda gandun daji na gwamnati ya zo. Tun zamanin En'e aka shata gandu, aka sa malaman daji su tsare, talaka ya fara ganin daji a matsayin kayan hukuma, wurin da ake kama shi a ci shi tara. Abin da mutum yake ganin ba nasa ba ne, ba ya jin ciwon lalacewarsa. Hurumi kuwa gari ne ya yarda da shi, shi ya sa tsohuwa ke iya tsawata wa ƙato mai gatari ya sauke.

Ƙasashen da suka fi mu cin kuɗin katako ma wannan hanya suka bi. Finland ƙasa ce da tattalin arzikinta ya jingina sosai a kan itace da takarda, amma dokar dajinta ta 1996 ta ware wasu ƙananan wurare, irin su bakin idon ruwa da gefen ƙoramu, ta ce ko a cikin dajin da mutum ya mallaka yake sarewa don sayarwa, dole ya bar su da kamanninsu. Kusa da mu kuma, Nijar ta kafa tsarin kasuwannin itace na ƙauye a 1992. Ana ba mutanen ƙauye ikon sara da sayarwa a dajin da ke kusa da su, a raba dajin kashi-kashi ana sarewa bi da bi, a ƙayyade adadin kowace shekara, harajin kuma a raba har da ƙauyen. Dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi yana cikin wuraren da aka gwada wannan. Tsarin bai rasa matsala ba, kuma rashin tsaro ya taɓa can ma. Darasin da ke ciki dai shi ne, mutumin da ya san baɗi ma shi zai sari dajin nan ya fi ɗan kwangilar da ya zo sau ɗaya tausayinsa.

Mu dawo kan Kogo. Samun suna a cikin jerin gandun daji na ƙasa abin farin ciki ne, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kamuku da ke Birnin Gwari, kudu da mu, ya sami wannan matsayi tun 1999, bai kuma hana shi zama mafakar 'yan bindiga ba. Duk da haka akwai abu ɗaya da Kamuku ya samu: wurarensa suna da suna a rubuce. Wanda bai taɓa taka Birnin Gwari ba zai iya karanta labarin magangarar Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema inda remaye ke zaune a tsakanin duwatsu. Ranar da wani ya nufi ɗayansu da injin yanka katako, akwai sunan da za a kira a yi kuka da shi. Gurabun ruwanmu da tsaunukanmu kuwa, yawancinsu sunansu a bakin tsofaffi kawai yake, tsofaffin nan kuma da yawansu yau suna gudun hijira a Funtuwa, ko Ƙanƙara, ko Zariya, a ɗakin haya. Ga shi kuma ba dukkan dajin yankin ke cikin iyakar Kogo ba. Dazuzzukan da ke bayan ƙauyuka, inda aka fi sara kuma aka fi wasa, babu wata sanarwar Abuja da ta shafe su.

Mun san abin da wasu za su ce: ana kashe mutane, ana sace mata, ku kuna maganar itace? Tambaya ce mai nauyi, kuma mu ma akwai waɗanda muka binne. Rai ya fi itace, babu musu. To amma rashin tsaron nan da yardar Allah zai wuce, ko ta sulhu ko ta ƙarfi. Ku yi tunanin ranar da hanya ta buɗe. Motar farko da za ta shiga daji ba ta 'yan makaranta masu yawon buɗe ido ba ce, ta mai sayen katako da gawayi ce, da kuɗi a hannu. Zai tarar da mutanen da suka dawo gida babu shanu, babu hatsi a rumbu, wasu ga bashin kuɗin fansa. Duk abin da ya taya za a sallama, kuma babu mai zarginsu. Wasu ma za su ce a share dajin don kada ɓarayi su sake samun wurin ɓuya, alhali itace bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Najeriya ta ga irin wannan a kan madobiya. Cikin 'yan shekaru aka kwashe ta daga dazuzzukan Taraba da wasu jihohi ana kaiwa Sin, sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar kare itatuwa da namun daji ta duniya a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Kafin dokar ta iso, manyan itatuwan sun riga sun hau jirgin ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a san wuraren da za a keɓe ba tun yanzu, ranar da injin ya iso babu lokacin zaman shawara.

Akwai kuma alaƙa tsakanin hurumi da zaman lafiyar kanta. Duk wanda ya saurari dattawan manoma da na Fulani ya ji yadda toshe burtali da cinye mashaya suka taimaka wajen hura wutar da ke cin mu yau. Gurbin ruwan da yaran gari ke iyo a ciki, shi ne dai wanda shanu ke sha. In ya ƙafe, rigimar farko a bakin rijiyar da ta rage za a yi ta.

A nan ne aikinmu na marubuta ya shigo. Ba mu da bindiga, ba mu da kujerar mulki, amma muna iya hana suna ɓacewa. Ba muna cewa kowa ya shiga daji ba, Allah Ya kiyaye, kuma kada wanda ya wallafa abin da zai jefa wani cikin haɗari. Aikin a cikin gari yake. A sami tsoho ko tsohuwa daga ƙauyen da aka tasa, a gaishe su, a zauna. A ce: Baba, rafin da ke bayan garinku ya sunansa? Wane gurbi ne ba ya ƙafewa? Waɗanne itatuwa ne a bakinsa? Inna, a ina kuke tsintar kaɗanya, wace ɗorawa ce aka hana sarewa, kuma wa ya hana? A nemi maharbi da mai maganin gargajiya da masunci. A nemi dattijon Bafulatani, domin babu wanda ya kai makiyayi sanin inda ruwa yake a watan Afrilu. A rubuta sunan wuri yadda masu shi ke faɗa, da gabas ko yammacin wane gari yake, da abin da ake yi a can, da lokacin da ake yi.

Daga nan kowa ya yi abin da ya iya. Mai gajeren labari ya sa labarinsa a bakin rafi mai suna na gaskiya, maimakon "wani ƙungurmin daji" da muka saba karantawa, wanda babu komai a cikinsa sai aljanu da 'yan fashi. Mai waƙa ya ambaci tsaunin garinsu. Mai rubutun zube ya tattara jerin wuraren gundumarsu, a buga ko da shafi huɗu ne, a kai wa mai unguwa da dagaci da hakimi da sashen kula da daji na ƙaramar hukuma, a ajiye ɗaya a makarantar firamare, ɗaya a wurin limamin gari. Ranar da aka zauna rabon izinin sara, a ce ga takarda, ga wuraren da mutanen garin suka ce huruminsu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin mai gyara ya sani.

Kuma a yi adalci a cikin rubutun. Mai gawayi ba maƙiyi ba ne, ɗan'uwanmu ne da ke neman abin sa wa a baki, sau da yawa ma ya fi mu sanin wane ice ke toho wane ne ba ya yi. In aka mayar da shi mugu a labari, an rasa mutumin da ya fi kowa iya kiyaye iyakar. A ba shi bakin magana, a ji nawa yake samu a buhu, nawa ɗan kasuwa ke samu a birni.

Burinmu ƙarami ne. Muna so yaran da ake haifa yau a Yankara da Daudawa da Damari da sauran garuruwanmu su tarar da inuwa a bakin rafi ranar da aka ce musu an samu lafiya, su tarar da ruwa a gurbi, su kuma san sunan wurin da suke tsaye. Wanda duk ya san wani wuri irin wannan a garinsu, ya fara da rubuta sunansa a daren yau, gobe ya nemi wanda ya girme shi ya ƙara masa bayani.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mun ji daga gare ku.